Mazagin Baba a Hanyar Urafane

Duk wanda zai rubuta tarihin ƙasar nan tsakani da Allah, idan ya gama da sarakuna da gwamnoni da ranar da aka sauke tutar Faransa, wajibi ne ya ware babi guda saboda mazagin wando. Ni shaida ce, domin a kakar gujiya ta biyu bayan samun 'yancin kai, ranar sunan ƙanena, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na ga mazagi ya kawo mota daga dajin Urafane har cikin Tasawa.

Baba yana aiki ne a wurin awon gujiya, kuma a shekarar ya sayi wata tsohuwar mota hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Nan da nan ta zama 'yar gida. Ni ke jawo ruwan wanke ta kafin in tafi lakwal, kaji na kwanciya a inuwarta, ƙawayena kuwa in sun zo taya mu ɓarar gujiya a tsakar gida, ko za mu fita gaɗa, sai kowace ta leƙa madubinta ta gyara ɗaurin kallabi. A makon haihuwar motar ta fara wani irin kuka kamar an take wutsiyar ɗan kwikwiyo. Baba ya ɗaga murfin gaba ya shafa wata igiyar roba da ke juya fanka da famfon ruwa, wadda direbobin Katsina ke ce wa fambel, ya ga duk ta tsattsage kamar dugadugin manomi. Ya sayi sabuwa wajen wani direban babbar mota, ya ajiye sai an gama hidimar suna.

Kakana na wajen uwa malami ne a Urafane, shi aka roƙa ya zo ya raɗa wa yaron suna, Baba kuma ya ce surukinsa ba zai hau jaki ba alhali akwai mota a gidan 'yarsa. Sai dai tun da aka ɗaura aure mutanen nan biyu ba su taɓa haɗa ido ba, balle hira. Saboda haka aka tafi da ni in zama bakinsu. Ni kuma 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunana ba, iyakarsa da ni "ke". Kaka kuwa amaryarsa yake ce mini, ni in ce masa tsoho mai ran ƙarfe.

Muka kwana a Urafane, muka taso da aka sallame asuba. Kaka na gaba da carbinsa, ni ina baya tare da buhun wake da zabi biyu. Haka ake ta zance ta kaina. "Ke, ki ce wa Malam ko iska ta yi masa yawa?" Ni in faɗa, kamar Kaka ba ya ji. "Amarya, ki ce masa Allah shi yi albarka." Rana ta fara ɗagawa, mun yi nisa cikin yashi, sai kukan ya dawo, warin ƙonanniyar roba ya biyo baya, muka ji wani abu ya yi fat, can sai tururi ya turnuƙe gabanmu. Baba ya fita ya buɗe murfin, ya yafuto ni da hannu. Fambel ta tsinke, tana reto.

Na ce, cikin murna irin ta ɗalibar da ta san amsa, ai akwai sabuwa. Ya dube ni, ya rage murya, ya ce tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin kujerar gaba. Wato ƙarƙashin Kaka. Na ce bari in ce masa ya ɗan sauka. "Suruki ake ce ma sauka a tsakiyar daji? Ke ba ki da hankali?" Na leƙa ta gefen murfin, Kaka na zaune ƙyam, ya kafa ido a kan wani gawo can nesa, yana jan carbi, kai ka ce bai san motar ta tsaya ba. Ba ya so ya nuna ya ga gazawar surukinsa. Can Tasawa kuwa an shimfiɗa tabarmi, rago na ɗaure, an ce wa liman ya dakata ana jiran Malam. Idan hantsi ya wuce liman zai raɗa sunan, Baba ya zama mutumin da ya hana surukinsa hawan jaki, ya kuma hana shi zuwa suna.

Igiyar kabar da aka ɗaure buhu da ita aka fara gwadawa, ta ragargaje kafin fanka ta yi juyin kirki. Baba ya dubi ƙugunsa. Sa'an nan ya ce in juya baya. Da na waiwayo, yana riƙe da ƙugun wandonsa da hannun hagu, a damansa kuma ga dogon mazagin sawaye da Inna ta tufka masa. Tun da hannu ɗaya gare shi, ni na zagaya shi kan ƙafafun injin yadda ya nuna mini, muka ja tare, ya ƙulle da haƙori. Muka jira injin ya huce, muka juye masa ruwan butar alwala da na gora. Muka ci gaba da tafiyar hawainiya, mazagi na zamewa muna tsayawa muna ƙara ɗaurewa, kowace tsayawa kuma sai an aike ni in ce wa Malam ya yi haƙuri.

Mun iso liman bai riga ya fara ba. Amma wanda zai buɗe wa suruki ƙofa, ya cire takalmi, ya bi jama'a yana gaisawa da hannu biyu, yana bukatar hannu na uku. Ni ce na ukun. Na zura hannu ta cikin babbar rigarsa daga baya na damƙe ƙugun wandon, inda ya yi nan nake yi, ya durƙusa in durƙusa, yarinya ɗaya tak a tsakiyar maza. Ina ji matan da ke leƙe ta bayan darni suna salati. "Oh ni 'yasu, ɗiyar fari manne da ubanta! Lakwal ta cinye kunya." Babu damar in saki, babu damar in yi bayani. Haka aka raɗa sunan, aka shafa fatiha, ni da hannu guda na shafa. Har ƙarshen shekara a filin lakwal "jelar Baba" ake kirana, ban kuma faɗa wa kowa dalili ba, domin dalilin ya fi sunan muni.

Da la'asar, bayan an watse, Baba ya ɗaga kujera ya ɗauko sabuwar fambel, ya sassauta ƙusa guda, ya zura ta, ya ɗaure, ya danna da babban yatsa ya ji ta yi tauri daidai. Aikin bai kai shan furar mutum ɗaya ba.

Yau mijin 'yata a gabana yake cin abinci, har ya ce in miƙo masa yaji, in motarsa ta mutu kuwa cewa yake, "Hajiya, ɗan sauka mu tura." Ba na jin haushi, an huta da wahala mai yawa. Amma wani lokaci nakan tuna mutanen nan biyu a cikin yashi, kowane yana tsare mutuncin ɗan'uwansa da iyakar ƙarfinsa, sai in ji zamani ya yi mana sauƙi ya kuma rage mana wani abu. Na taɓa faɗa wa Kaka haka bayan na girma, na ba shi labarin duka. Ya ce shi dai tun daga Urafane fitsari yake ji, jira yake a ce ya sauka.