Mugun Hannun Bargarmu

A bargarmu mutum biyu ne ke horar da doki. Ɗaya ana ce masa hannun alheri, ɗayan kuma mugun hannu. Babana ne hannun alheri. Ƙanensa, Baffa, shi ne mugun hannu, kuma tun ban zo duniya ba yake wannan aikin.

Ga yadda suke yi. Idan aka kawo sabon doki mai cizo ko harbi, ko wanda ya ƙi linzami, sai a ɗaure shi a ɗakin ƙarshe, a rufa masa buhu a kai, Baffa ya shiga. Ya janye bokitin ruwa, ya kaɗa masa gwangwani a kunne, ya zane shi da bulala a ƙarƙashin ciki inda shati ba ya fitowa fili. Sai dokin ya jiƙe sharkaf, ƙafafunsa na rawa, sannan Baba ya banko ƙofa yana faɗa, ya kori Baffa kamar ya kama ɓarawo, ya cire buhun, ya miƙa ruwa, yana shafa wuya yana lallashi. Haka za a yi ta yi har dokin ya yarda cewa a duniya akwai mai cutarsa, akwai kuma mai cetonsa. Ranar da mai doki ya zo ɗauka, a ba shi bokiti ya riƙe, Baffa ya gifta ta bakin ƙofa kawai. Dokin zai ruga ya lafe a jikin mai bokitin, shi kuma ya koma gida yana ba da labarin yadda dokinsa ke mutuwar sonsa.

Kakanmu ne ya raba musu aikin suna samari. Ya dubi Baba ya ga mai fara'a da daɗin baki, ya dubi Baffa ya ga fuskarsa a murtuke take ko dariya yake yi. Shi ke nan. Baba ya zama Mai Horo da ake ɗaukar hoto da shi. Baffa ya zama Dodo a bakin masu yankan ciyawa da yaran unguwa. Baba kuwa har gobe Auta yake kiransa, ga furfura ta cika masa gemu.

Ɗakinsa na bayan ma'ajiyar harawa. Katifa ce a ƙasa, rediyo mai ɗaurin roba, sai wani tsohon kwat ruwan ƙasa da yake ratayewa a ƙusa, da takalman roba dogaye. Wani ingarma ya taɓa harbinsa a gwiwa, don haka yana jan ƙafar hagu, kuma kullum sai ya shafa man zafi. Warin man ya kama kwat ɗin har ya zama warinsa. Kafin ya iso, dawakan sun ji shi, sun kwantar da kunnuwa, sun juya masa baya. Ya taɓa yin aure. Matar ta ce ba za ta iya da mutumin da ko dabba ba ta ƙaunar gani ba, ta tattara kayanta.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, dusar da Baba ke shiga da ita Baffa ne ke kwaɓawa. Shi yake tsince ƙaya daga harawa da yatsunsa. Shi yake fara gane dokin da cikinsa ya murɗa, ta hanyar leƙe daga wata kafa a bangon ma'ajiya, don ba shi da ikon matsawa kusa. Duk dawakan da suka bi ta hannunsa, bai taɓa hawa ko ɗaya ba.

Na gama jami'a na dawo gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, sai Baba ya ce in riƙa taimakawa da ɗaukar waya da karɓar baƙi. Baffa ya sa mini suna Mai Digiri.

"Mai Digiri, a makarantar taku ba su koya muku riƙon shebur ba? Kana riƙe shi kamar za ka yi masa tambayar jarrabawa."

A wannan zaman ne aka kawo goɗiyar. Wani ɗan kwangila ya saya wa 'yarsa, aka ce ta ciji mutane a inda ta fito, ta ƙi ci, tana ta kai da komo tana goga ƙirji a bango har gashin wurin ya zube. Ranar da ta iso Baba ya yi tafiya kai wasu dawakai, ya kuma daɗe bai dawo ba. Masu yankan ciyawa duk suka noƙe. Baffa ne kaɗai ya rage, kuma ba a fara horo sai da hannu biyu.

Ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ɗakinta, ya ba ta baya, yana gyaran wata tsohuwar ragama. Bai kalle ta ba, bai miƙa mata hannu ba. Ya kawo ruwa ya ajiye, ya koma ya zauna. Wata safiya na zo wucewa na tarar ta zuro kai ta saman ƙofa tana shinshinar kwat ɗin, ta kama ƙeyarsa da leɓe tana ja a hankali. Baffa ya sandare kamar wanda kunama ke tafiya a wuyansa. Ya yi mini alama da ido in wuce.

Daga baya ya same ni a bakin famfo.

"Ka gani?"

"Na gani, Baffa."

"Bakinta da taushi, wallahi. Ashe haka bakinsu yake."

Ya sa mata suna Baƙuwa. Ta fara ci. Ta daina goga ƙirji. In ta ji jan ƙafarsa sai ta yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa. Ya tsefe mata geza da matajin kansa. Na taɓa jin shi yana ba ta labarin matarsa, yana cewa, "Ke dai kin fi ta hankali." Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ga shi yana waƙa yana kwasar kashi.

Da Baba ya dawo ya leƙa ɗakin, goɗiyar ta murtuke masa ta kai cizo, ta koma bayan Baffa ta tsaya. Masu yankan ciyawa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Yau Dodo ya yi amarya, Mai Horo ya zama ɗan rakiya." Baba ma ya yi dariya, amma na san irin dariyar.

Da yamma ya kira Baffa tsakar gida, ina zaune ina goge waya.

"Auta, gobe za mu fara."

"Yaya, wannan ba ta buƙata. Ta kwanta da kanta."

"Ta kwanta maka. Kai za a kai gidan mutumin a ɗaure tare da ita?"

"A kawo yarinyar ta zauna kusa da ni, a hankali za ta saba."

"A hankali? 'Yar mai kuɗi za ta zo ta zauna tana shaƙar man zafinka? Ka ɗauko bulalarka da safe."

Baffa ya sunkuyar da kai. "Yaya, ban taɓa ce maka a'a ba. Ka bar mini wannan ɗaya. Ko wata guda ce a duniya ta ganni ba ta juya baya ba."

Baba ya dube shi. Sai ya sassauta murya, irin muryar da yake yi wa dawakai.

"To, Auta. Na ji. Tsufa ya zo mana duka. Ni damuwata ma gwiwar nan taka, dubi yadda ta kumbura. Gobe yaron nan ya kai ka asibiti a duba."

Baffa har da godiya. Ni ma na ji daɗi, na ce a raina ashe Baba yana da tausayi.

Da safe Baffa ya yi wanka, ya sa fararen kayansa, ya rataye kwat a ƙusa, na goya shi a babur. Layin asibiti ya yi tsawo, sai bayan la'asar muka dawo. A hanya ya sa na tsaya ya sayi karas. Da muka shigo na ga takalman robarsa a ƙofar ɗakin Baba, na ga kwat ɗin a kan igiyar shanya, cikinsa a waje, hammatarsa a jiƙe. Na ɗauka Inna, mahaifiyata, ce za ta wanke. Shi bai ma tsaya dubawa ba, ya zare kwat ɗin ya saka a kan fararen kayan, yana sauri yana jan ƙafa, karas a hannu.

"Baƙuwa! Ga tsohonki ya dawo."

Ba ta yi haniniya ba. Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya miƙa hannu.

Ban ga farkon abin ba, ƙarar na ji. Da na isa ta damƙe hannun nasa da haƙora tana girgiza shi, ta maka shi da bango, ta ɗaga ƙafafun gaba ta sauke masa a kafaɗa. Idanunta sun firfito, cikinta duk sabon shatin bulala, ga buhu yashe a ƙasa. Baffa bai kare kansa ba. Yana ƙasa yana cewa, "Ni ne, ni ne fa." Sai ga Baba ya banko ƙofa yana faɗa, ya ja Baffa waje da ƙafa, ya koma ciki da bokitin ruwa. Ina riƙe da kan Baffa a cinyata ina jin Baba a ciki yana lallashi. Na ji ta tsoma baki tana sha.

A asibiti aka yanke masa yatsu biyu, aka ɗaure ƙashin kafaɗa. Da ya farfaɗo ya ganni, abin da ya fara tambaya shi ne ko ta ci abinci. Na ce ta ci. Ya mai da ido kan fankar sama.

"Kwat ɗin ya shige shi kuwa? Yaya ya fi ni kafaɗa."

Na gyara masa matashin kai.

"Har da jan ƙafar zai yi. Tun muna yara ya iya kwaikwayona, mutane su yi ta dariya."

Na koma gida na tarar da Baba yana cin abinci. Na tsara maganganu da yawa a kan babur, amma da na tsaya gabansa sai duk suka gudu. Da ƙyar na ce, "Baba, ƙaninku ne fa."

Ya ci gaba da tauna. "Ƙanina ne, shi ya sa na raba shi da wauta. Dokin mutane ne. Ko yau ko gobe za a tafi da ita, ya zauna yana kuka kamar bazawara. Kai kuma digirin naka daga wace barga kake tsammani ya fito? Miƙo mini ruwan nan."

Na miƙa masa.

Tun daga ranar ba na iya cin abin kirki. An kira ni ganawar neman aiki a wani ofis, mai gadin wurin ya shafa man zafi, na juya daga bakin ƙofa na yi amai a kwata. Inna ta ce in yi haƙuri, haka suke tun tana amarya, kada in shiga tsakanin wa da ƙane.

Baffa ya dawo ɗakinsa da hannu a rataye. Ya daina waƙa. Da hannun hagu yake kwaɓa dusa, Baba ya ɗauka ya shiga da ita. Na kan same shi a ma'ajiya ya manna ido a kafar bango. In iska ta kai mata warinsa sai ta fara dukan ƙofa da kofato, shi kuma ya ja baya a hankali don ta samu ta ci.

Ranar ɗauka, ɗan kwangilar ya zo da 'yarsa cikin farar mota. Yarinya ce 'yar sakandare, da sababbin takalman hawa, tana ta murna. Baba ya fito da goɗiyar fili, an wanke ta an shafa mata mai tana ƙyalli. Ya ba yarinyar bokiti ya saki ragama. Goɗiyar ta tsaya nesa tana huci, ta ƙi matsowa. Yarinyar ta kira ta, ta kaɗa bokitin, a banza. Ɗan kwangilar ya dubi agogo.

"Mai Horo, ka ce mini ta gyaru."

"Ta gyaru, ranka ya daɗe. Kunya ce irin ta mata." Ya juya wajen ma'ajiya ya ɗaga murya. "Auta! Kawo mana tsintsiya."

Na roƙi Allah kada ya fito. Ya fito. Kwat a kafaɗa ɗaya, hannu a naɗe, yana jan ƙafa. Goɗiyar ta ɗaga kai, jikinta ya ɗauki ɓari, ta ruga ta cusa kanta ƙarƙashin hannun yarinyar har ruwan bokitin ya zube.

"Abba, ka gani! Tana sona!"

Ɗan kwangilar ya washe baki ya ciro waya. Masu yankan ciyawa suka yi tafi. Baffa ya ajiye tsintsiyar ya juya zai koma.

"Tsaya nan, Auta," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Kada ka motsa. Ranka ya daɗe, ƙara ɗaukar wani hoton, wancan ta rufe ido."

Baffa ya tsaya a rana, a inda hoton ba zai kama shi ba, har suka gama.