Hoton Masallacin da Na Kusa Gogewa

Ban taɓa mantawa da ranar da na ji ƙarar nan a falona ba: ƙat, ƙat, ƙirr, na'urar faifai tana ta ƙoƙarin karanta faifan da ya karce ta kasa. Wata Laraba ce da hantsi, damina biyu da suka wuce, na ɗora wake ke nan. Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu a Malumfashi, tana zaune a tabarma da faifai shida a ƙulle cikin ɗankwali, tana kallon na'urar kamar mai jiran likita ya yi magana.

Ku da muke sana'a ɗaya kun san aikin, amma bari in yi wa baƙi bayani. Turi muke yi. Ina da 'yar kwamfuta a ɗaki, matan unguwa da ba sa son tsayawa a shagon samari sukan kawo waya ko memori in zuba musu wa'azi, karatu ko fim. Sau ɗaya a wata nakan je Funtua wurin ogana, Chidi, in cika ma'ajiyata. A Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ƙa'ida biyu ya koya mini tun farko: ki ba mutum hoto mafi kyau da kike da shi, kuma ki yanke duk talla da tarkacen da ba na fim ba.

Faifan Hajiya na mijinta ne, Malam Isiya, tsohon ma'aikacin gidan gurzar auduga. Shirin Turawa ne na da, na wasu mutane da ke yawo tsakanin taurari a cikin jirgi. Babban ɗansu ne ya naɗe shi daga talabijin a kaset tun yana saurayi, daga baya aka juye a faifai. Malam ya tsufa, kunne ya yi nauyi, tunani ya fara gudu, wani lokaci ko jikokinsa ba ya ganewa. Amma kullum da yamma liƙis sai ya nuna talabijin a sa masa shirinsa.

"Uku sun daina yi, Maman Hafsa," in ji Hajiya. "In waɗannan ma suka tafi, ban san me zan sa masa ba."

Na kira Chidi. Ina gama siffanta shirin ya yi dariya.

"Hajiyata, kin zo gidan! Akwai sabo, an wanke shi tas. A kwali yake zuwa, sai dai in sa a kawo daga Legas."

"Sabo kuma? Ba ka ce 'yan wasan sun tsufa ba?"

"Wasu ma sun mutu. Tsohon ne aka gyara. An ƙara haske, an sāke zana jirgin da kwamfuta."

"To in an sāke jirgin, shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ke dai kin cika tambaya kamar alƙali. Shi ne mana, amma ya fi shi."

Ya turo mini ɗan guntu a waya. Na kalla sau huɗu, na ƙara rikicewa. Fuskoki sun fito har ana ganin hodar da aka shafa musu, bangon jirgin kuma ka gane katako ne. Shi kuwa jirgin daga waje sai sheƙi yake kamar sabuwar tukunya. Wani wurin ya fi kyau, wani wurin kyan ne ya tona asirinsa. Na tambayi maigidana, Baban Hafsa, ya ce tsoho mai raunin ido ai hoto mai haske ya fi masa. Ɗan Hajiya da ke Kaduna ya ce a saya, shi zai biya. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke ce kika san aikin, 'yar nan. Me kika gani?"

Wallahi ban ga komai ba. Amma na tuna ƙa'idar farko, na ce a saya.

Mako biyu kaya suka iso. Na juye a filash, ɗan memorin da ake soka wa talabijin, na je na saita musu, na dawo gidana da tsofaffin faifan da niyyar in ceto abin da zai cetu.

Kwana biyar bayan haka Hajiya ta shigo ko zama ba ta yi ba.

"Malam ya daina tashi sallar magariba."

Na ce, "Subhanallahi, jikin ne?"

"An auna jininsa, lafiya lau. Sauran salloli dama ni ke tashinsa. Amma magariba, shekara da shekaru, ina madafa zan ga ya fito da kansa yana neman buta. Ita kaɗai ta rage masa da yake yi ba a ce masa ba. Yanzu sai ya ƙura wa talabijin ido har duhu. In na taɓa shi ya ce in bari, lokaci bai yi ba. Jiya da na kashe, kuka ya yi, Maman Hafsa. Kuka."

Me ya haɗa jirgin taurari da salla? Na ce ko hasken ne ya yi masa yawa, muka rage, bai yi ba. Na ce ko sabon jirgin ne bai gane ba. Na sake kiran Chidi, ya ce shi dai kaya ya sayar, bai san yana sayar da abin hana salla ba, Allah ya kiyaye. Har raina ya fara raya mini ko dama bai kamata mace kamata tana wannan sana'a ba. Na yi ta istigfari ina wanke-wanke.

Washegari da safe na zauna juye tsofaffin faifan, don a mayar masa da abinsa ko da rabi ne. Hannuna ya saba, sai na kama yankan tarkace ba tare da tunani ba. Tallar taki, na yanke. Sanarwar rigakafi, na yanke. Hoton masallaci da rubutu a ƙasa, na yanke. Na gama kashi na farko, na gama na biyu. A na uku hoton ya sake fitowa a tsakiyar shirin, daidai ana harbin jirgi, sai na tsaya na karanta rubutun. Sanarwar shigar lokacin magariba ce. A zamanin, gidan talabijin kan katse shiri ya sa hoton masallaci da kiran salla, kuma ɗan Malam ya naɗe har da shi. Na duba sauran: kowane kashi da nasa.

Na janye hannuna daga kwamfutar. Malam ba ya jin ladanin unguwa. Ashe wannan hoton yake jira. Turawan da suka wanke shirin ba su taɓa saninsa ba, ni kuwa da na san shi na riga na goge biyu.

Sai wani ruɗanin ya taso. Hajiya da ka take kunna masa, ba da agogo ba. To ranakun da hoton ya riga faɗuwar rana fa? Na tambayi Baban Hafsa, ya ce mutumin da hankalinsa ya kai haka an ɗauke masa alƙalami, mu dai mu gyara abin da ke hannunmu.

Ga yadda na yi, ko wata za ta buƙata. Na ciro hoton masallacin daga faifan da ya fi lafiya. Na dasa shi a cikin sabon, kowane kashi daidai minti ashirin da farawa. Na sa wa Hajiya ƙararrawa a waya, minti ashirin kafin magariba, na ce duk Juma'a zan riƙa zuwa ina matsar da ita yadda lokaci ke matsawa.

Ranar gwaji na tafi da Hafsa, 'yata mai shekara bakwai, don ba mai riƙe mini ita. Malam na kan kujerarsa. Ya kalli jirgin ya ce, ba da kowa ba, "Sun yi masa fenti." Minti ashirin suka cika. Hoto mai sheƙi ya ɗauke, tsohon masallacin nan ya fito, dishi-dishi, yana rawa. Daga waje ladan ya fara. Malam bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na sake kuskure. Can sai ya dafa hannun kujera.

"Talatu, buta."

Hajiya ta juya mana baya ta yi madafa da sauri, mayafi a fuska.

Har yau in kuka tambaye ni ko a sayi wankakken ko a bar tsoho, ban sani ba. Tsohon yana mutuwa, sabon kuma bai isa shi kaɗai ba. Chidi ya ce ni ce mutum ta farko da ta sayi hoto mai tsabta ta zuba masa datti da hannunta. Abin da na koya dai, kafin in yanke komai yanzu sai na tambayi mai kaya wa ke kallo, da wane lokaci, kuma me yake yi in ya gama. Mutanenmu ba kallo kaɗai suke yi da abin da muke tura musu ba.

A can muka yi salla tare da Hajiya. Muka kamo hanyar gida ni da Hafsa. Mun kai ƙofa ta ja mini hijabi.

"Mama, ke in kin tsufa kin manta, me za mu sa miki ki tashi? Ki faɗa mini yanzu in ajiye."