Ntate Khethisa da Maganar da Ya Yi wa Mijina a Kwana ta Bakwai

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, ina rumfata a kasuwar Mokhotlong ta ƙasar Lesotho ina ɓare wa kabeji ganyen da sanyi ya ƙona, sai wani direban tasi ya tsaya a gabana ya cire hula. Direban tasi ba ya cire hula don zai sayi kabeji. Ya ce, "Mme Malikeleli, Ntate Khethisa Ralebitso ya rasu da hantsin nan." A nan da Mme muke girmama mace, da Ntate kuma namiji. Ntate Khethisa, ciwon ƙirji ka yi na kwana huɗu, a ɗakinka, a kan gadonka. Shekara talatin da ɗaya kana hawa da gingimari inda akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara, amma mutuwa ba ta iya da kai a can ba, sai da ta jira ka kwanta.

Ntate, ni 'yar kasuwa ce, na san yadda ake yi wa kaya kwalliya da baki. Na sha sayar da tsohon dankali na ce jiya aka haƙo shi. Yau ba zan ƙara maka komai ba, domin ba ka bukata.

Kai ne kake hawar mana da garin masara da gishirin tumaki zuwa ƙauyukan bayan dutse, ka sauko da dilolin ulu da gashin awaki. In ka haɗu da tsoho a kan doki a matsattsen wuri, sai ka kashe mota gaba ɗaya har ya wuce, kada dokin ya firgita. Na taɓa zolayarka na ce, "Ntate, wannan tafiyar taka, kafin mu isa kabejina ya yi jikoki." Ka ce, "Mme, wanda ya fi ni sauri yana can ƙasan kwari. In mun zo wurin zan nuna miki motarsa." Da muka zo kuwa ka nuna mini. Ban sake tsokanarka a kan sauri ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro yau wani ne daban. Shekara goma sha tara ke nan mijina Phallang ya rasu a wurin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu. Motar gawa ta kawo shi Mokhotlong ranar Juma'a da safe, direban ya ji labarin ruwan da aka kwana uku ana yi a kan dutse, ya sauke akwatin ya juya. A ƙauyen su Phallang an riga an haƙa kabari, an yanka sa, dangi sun taru, Asabar za a binne shi. Kai ka tura buhunan garinka gefe, ka ɗaure akwatin a jikin kan mota da igiyar dilolin ulu.

Surukata ta aiko ƙanin mijina, Lebusa, da saƙo guda. In zauna kusa da akwatin, in riƙa gaya wa Phallang kowane kogi da kowane tudu da muka zo, kada in bar shi ko taku ɗaya. In na yi sake, gangar jikin ce kawai za ta iso gida, shi kuwa zai tsaya a hanya yana nema. Na yi makaranta har aji bakwai, ina zuwa coci, amma ban ga abin gardama a nan ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasar wasu, ai ya isa a kai shi gida da kyau. Na lulluɓa da bargona na yi ta yi masa magana, kogi bayan kogi.

Sai muka zo kwana ta bakwai, cikin kwane-kwanen hanyar hawan dutsen. Kowa ya san dokarka a can: motar ta fi kwanar tsawo, sai an yi baya sau uku kafin ta juya, kuma babu mai rai da zai zauna maka a ciki. Ranar nan ruwa ya cinye gefen hanya, gajimare yana ƙasa da mu, rugugin kogi kawai ake ji daga inda ido ba ya kaiwa.

Ka ce, "Mme, sauko."

Na ce, "Ba zan sauka ba. Ga shi ma za ka yi baya da shi. In ya ji ana komawa, zai zaci can wurin aiki za a mayar da shi, ya sauka ya bar mu."

Ka dube ni jim kaɗan, ka ce, "'Ya'yanki nawa?"

"Huɗu."

"To gawa ɗaya aka ce in kai musu. Sauko, ni zan yi masa maganar. Ai tare muka yi kiwo, ya san muryata kafin ya san taki."

Na sauka. Ka cire takalmanka don ƙafarka ta ji birki sosai, ka miƙa wa Lebusa, ka ce ya tsaya da dutse a hannu, duk inda taya ta tsaya ya cusa mata. Ka ɗaure ƙofarka a buɗe. Ni kuwa na manne da jikin dutse, ina ji kana ɗaga murya ta fi ƙarar inji.

"Phallang, abokin kiwona, muna kwana ta bakwai. Za mu yi baya kaɗan, ba komawa za mu yi ba, zauna abinka. Kai ma haka kake yi wa jakin babanka in ya ƙi."

Motar ta yi baya a hankali kamar ana jan ta da zare. Da idona na ga tayar waje ta baya rabinta a kan iska, laka tana zubewa ƙarƙashinta, tana faɗawa ba a jin saukarta. Lebusa ya cusa dutse. Kai ko sautin muryarka bai sauya ba.

"Saura biyu, Phallang. Kada ka leƙa, ba abin gani a can. Tsohuwarka ta yanka sa, in ka makara Lebusa zai cinye hantar."

Sau uku ka yi baya, sau uku ka gaya masa. Da hancin motar ya miƙe, ka tsaya, ka sauko ba takalmi cikin laka, ka dafa akwatin ka ce, "Mun wuce. Ga matarka nan ta dawo." A lokacin ne na ga rigarka ta jiƙe sharkaf a wannan sanyi.

Mun isa kafin rana ta faɗi. Surukata ta tare ni a bakin garke, ta ce, "Kin gaya masa hanya duka? Ba ki bar shi ba?" Na dubi Lebusa, ya dubi ƙasa. Na ce, "Duka, Mme." Ta rungume ni. Har ta koma ga Ubangiji tana nuna ni ga matan ƙauye, wai ni ce sarakuwar da ta zauna da gawa a kwana ta bakwai. Ni kuma na karɓi yabon na adana, kamar yadda 'yar kasuwa take yi da duk abin da ya faɗo mata. Kana jin ana faɗa, ba ka taɓa gyarawa ba.

To, yau ina gyarawa, dangin Phallang su ji. Ni na sauka na tsaya a jikin dutse. Wanda ya kai ɗanku gida Khethisa ne.

Ubangiji ya ji ƙanka, Ntate, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka da sauƙin da ka yi wa bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mme Mamotseoa, wadda ta yi shekara talatin tana sauraron ƙarar inji daga kan dutse kafin hankalinta ya kwanta, da 'ya'yanku, da jikoki, da dukan zuriyar Ralebitso. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Amin.