Hatsin da na daka a sadakar Yaya Isuhu

Da wannan damina shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isuhu, kuma har yau in na ji ƙarar taɓarya sai na tuna ɓarnar da na yi.

Malamin binciken iri ne. Rabin rayuwarsa ya yi ta a kan babur tsakanin Tawa, Kalfu da Barmu, yana roƙon tsofaffi zangarniyar hatsin kakanni. Muna yi masa ba'a cewa ya yi karatu mai zurfi ya ƙare a bara. Akwai wani hatsi ɗan Barmu da ya fi ƙauna, mai gajeren kara, mai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Yakan ce wata rana za a gano abin da ke cikinsa, a sa wa sauran iri.

Ranar sadakar arba'in baƙi suka yi yawa, hatsi ya kasa. Na buɗe ɗakinsa na tarar da ƙananan dammunan hatsi a rataye, kowanne da 'yar takarda. Ni da na yi shekaru ina koyar da yara karatu, ban tsaya na karanta ko ɗaya ba. Na sa aka sussuke su, muka daka gumba, aka ci aka yi masa addu'a.

Bana ruwa ya yi jinkiri, mutane sun yi shuka sau biyu ta ƙone. Ana cikin haka wata abokiyar aikinsa ta zo gidana. Ta ce yanzu a ɗakin bincike suna iya duba ƙwayoyin halittar tsiro daga ɗan ganye, su san abin da ke sa shi jure fari, su yi aure tsakaninsa da wani irin. Hatsin Barmu take nema. Shi kuwa yana cikin dammunan da muka daka. Ranar da Yaya ya yi ta jira ta zo, ni kuwa na ciyar da aikinsa. Da yana nan, ban san ko dariya zai yi mini ko kuka ba.

Na kasa zama. Na shiga mota zuwa Barmu, ina bin gida gida kamar yadda yake yi, ana ce mini an daina shuka wannan. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani tsoho, Baba Alu. Da na faɗi sunan Yaya, sai ya miƙe. Ya shiga rumbu ya fito da ɗan dami.

Ashe duk inda Yaya ya karɓi iri, in ya ninka shi sai ya maido wa manomi, da sharaɗin a riƙa ware masa kaɗan kowace kaka.

"Ɗiyata, ga rabonai," in ji tsohon. "Kowace shekara ina hidda mashi sabo. Ke ce ta hwarko da taz zo amsa."