Ɗan Aiken Kawu Mai Gyaran Fanka

Jama'a a gyara zama, mai hula ya daidaita ta, yau zan gabatar muku da babban injiniyan layinmu, likitan fanka, mai ɗanɗana batir da harshe ya faɗa maka sauran kwanansa. Kawuna ke nan, yayan mahaifiyata.

Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya ce ta raba su. In ka shiga za ka ga fankoki rataye kamar an yanke musu hukunci, ga gwangwanayen madara cike da noti, ga warin dalma da ya kama har labule. Tun ina rarrafe yake wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin ya yar da waya ba, ko da tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.

Bara matarsa, Inna, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Bakinta ya dawo da wuri, don wannan ko ciwo bai isa ya riƙe shi ba, amma ƙafar hagu ta ƙi. Likita ya ce in ba ta riƙa takawa kullum ba, ƙafar za ta sandare ke nan. Aka sayo sanda. Inna ta gwada sau ɗaya, ta faɗi a gaban baƙi, daga ranar ta ce ita da sanda sai dai kallo. Kawu ya yi lallashi, ya yi fushi, ya koma lallashi. Ko gezau.

Sai ya daina maganar. Ya karɓi wayata ya ce in nemo masa bidiyon yaran nan masu haɗa mutum-mutumi. Ba ya jin yarensu, hannunsu kawai yake kallo, gilashi a kan hanci. Ya cire tayoyin motar wasan jikansa, ya samo batir na tsohuwar kwamfuta, ya ɗora farantin silba a sama. A ƙasa ya liƙa wasu ƙananan idanu biyu da ya aika aka sayo, waɗanda ba su san komai a duniya ba sai bin baƙin layi. Sannan ya shimfiɗa baƙin salatif tun daga shago, ta tsakar gida, har bakin gadon Inna. Wai abin zai riƙa kai mata shayi in masu kawo gyara sun tsare Kawu a shago.

Ni na raɗa masa suna Ɗan Aike. Gwajin farko ya tashi da gudu kamar an biyo shi, ya yi wa bango wanka da shayi. Na biyu ya hangi baƙin silifas ɗin Inna ya bi shi ƙarƙashin gado. Inna ta yi dariya har da hawaye, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

“Malam, wannan ɗan naka kai ya gado,” ta ce. “A aike shi gabas ya nufi yamma.”

“Yaro ne, zai koya,” in ji Kawu.

Ya koma da shi shago, ya yi kwanaki yana kunce-kunce. Da Ɗan Aike ya sake fitowa, ya natsu har natsuwar ta yi yawa. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya kamar mai tuna wani abu, ya ƙara gaba. Kafin ya isa gado shayin ya yi sanyi. Ita kuwa Inna, ka zage ta ta yafe, amma kada ka ba ta shayi mai sanyi.

Wata safiya ina zaune a tsakar gida, Ɗan Aike ya iso ƙofar ɗaki yana tafiyar hawainiya, tururi na ta ƙarewa a kofin. Na miƙe zan ɗauka, Kawu ya leƙo daga shago ya harare ni, na koma na zauna.

“Kai sarkin surutu, miƙo min mana,” in ji Inna.

“Inna, ƙafata ta yi tsami.”

Ta ja tsaki. Sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Ta fito tana jan ƙafar, tana bin gefen salatif ɗin, tana zagin Ɗan Aike da wanda ya ƙera shi. Ta sunkuya da kyar, ta ɗauki kofinta, ta kurɓa a tsaye. A shago na ji guduma ta yi shiru, can kuma ta ci gaba.

Yanzu kullum a hanya suke haɗuwa. Na kuma lura wurin haɗuwar yana matsawa. Makon jiya a bakin randa ne, jiya kuwa har ƙofar shago Inna ta je, ta tsaya tana yi wa Kawu faɗan ƙurar da ke kan tebur.

Da ta koma ciki na matsa kusa da shi.

“Kawu, tsakaninmu. Kai kake rage masa gudu ko? Wallahi kai ne injiniyan da ya fi likita, ya kamata a sa ka a talabijin.”

Bai ɗago daga fankar da yake kuncewa ba.

“Batir ne ya yi sanyi,” ya ce. “Matsa, ka tare min haske.”