Takardar da Na Ɓoye Cikin Kwalla

Jiya a kasuwar Samaru na ji ƙanshin man kaɗanya, sai tsohuwarmu ta zumuntar mata ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da Ubangiji ya kira ta gida.

Lokacin da autana ya ce zai bar aikin jami'a ya tafi makarantar fastoci, ɗauke takardar kiransa na yi, na ɓoye cikin kwalla. Ban iya karatu ba, amma na san ita za ta raba mu. Kwana bakwai barci ya gagare ni.

Sai ga tsohuwa tun daga Jushi, tana dogara sanda. Ta kama hannuna da ke dunƙule, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, tafinta da santsin man nan.

Ta ce, "'Yata, ran da kika goyo shi zuwa coci kika ce na Allah ne, wasa kike yi?"

Na ce, "Mama, shi kaɗai ya rage mini."

Ta ce, "To, riƙonki ya fi na Yesu ne?"

Da hannuna na miƙa wa yaron takardarsa. Ranar na yi barci kamar jaririya.

Ya Uba, yadda ta sauke mini kaya, ka hutar da ita a wurinka. Amin.