Lambun Kawu Famfo da Ruwan Ganyen Auta

Matso nan ka samu wuri ka zauna, labarin nan ba a jin sa a tsaye. Ni dai duk sanda na tuno shi sai zuciyata ta tafasa.

Kawu Famfo ake ce masa, don gyaran famfo yake yi tun gashin kansa na baƙi wuluk. Dogo ne siriri, kullum gwiwar wandonsa a jiƙe, sifana na leƙowa daga aljihu. Shi ke kula da bututun wani jerin shaguna a bakin titi, inda akwai tela da mai aski da mai gyaran waya. Bayan shagunan kuwa wani fili ne da aka mayar juji, tsofaffin tayoyi da fasassun kwalabe, ko kallonsa ba a yi.

Wata shekara matarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta fara jiri. In ta miƙe sai ta dafa bango. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta magani, ya ce ta dage da cin koren ganye kullum, kuma kada a bar shi a tukunya har ya mutu. To ganyen kasuwa kafin ya iso gidansu ya yi yaushi kamar tsumma. Sai Kawu ya tuna tankin shagunan nan yana ambaliya duk sanda ya cika, ruwan na bin ƙasa a banza. Ya kwashe sharar da hannunsa, ya ja guntun tiyo daga tankin, ya shuka alayyafo da latas da kokwamba da na'a-na'a.

Ba ya tumɓuke ganye. Na gefe yake tsinka, ya bar na tsakiya ya ci gaba da fitowa, shi ya sa lambun bai taɓa yin sanƙo ba. Kowace safiya ya kai wa Gwaggo damƙi guda da raɓarsa.

"Malam, ka mai da ni akuya," in ji ta.

"Wace akuya ce ke da bakin tsiwa irin naki? Ci mana."

Ta ci kuwa. Da magani da ganye, sannu a hankali ta saki bango, har ta koma faɗa da maƙwabta kan igiyar shanya, abin da Kawu ya ce shi ne babbar alamar lafiya.

Ana nan sai ga Auta, 'yar ƙanwarsa, ta gama karatu ba aiki. Ta kama ɗan ƙaramin shago a ƙarshen layin, ta sayi injin markaɗe, ta ce ruwan ganye za ta sayar.

"Kawu, ka san abin da ke sa ganye ya yi kore? Kulorofil sunansa. Yanzu shi mutane ke yayi. Wai yana wanke jini, yana gyara fata, har warin baki yana korewa."

"Ni duk ban san wannan ba, 'yar nan. Na dai san Gwaggonki ta daina tangaɗi. Kawo kwandonki."

Haka ya riƙa cika mata kwando kyauta, bai taɓa cewa ta gode ba. Ta markaɗa da kokwamba, ta matsa lemun tsami, ta zuba a kofi mai haske. Ko kulorofil ɗin nan na yin duk abin da ta rubuta a allon shagonta, wannan sai masu ilimin abin. Amma ganyen da aka tsinko yanzu-yanzu, ai ko a harshe ka san ya bambanta. Kafin ka ce me, shagon Auta ya zama wurin zuwa. Mata masu tabarau, maza masu tumbi da suka fito daga motsa jiki, kowa da motarsa. Titi ya cika, sai suka fara zagayawa baya suna ajiye motoci a bakin lambu. Yau a taka latas, gobe a murƙushe tiyo. Wani har ya zuge gilashi ya ce wa Kawu, "Baba, janye ciyawar nan taka mana." Ciyawa! Ga kofin ciyawar a hannunsa yana zuƙa!

A nan Kawu ya yi kuskurensa. Shi mai gyara ne, a saninsa in abu ya lalace mai shi ake kira ya zo ya gani da idonsa. Sai ya sa wankakkiyar rigarsa, ya tafi wurin mai shagunan, mutumin da tun da ya gaji wurin bai taɓa taka bayansa ba. Ya roƙe shi ya zo ya ga ɓarnar, ko zai ba da izinin kafa ɗan shinge.

Mai shaguna ya zo. Ya tsaya yana kaɗa makullin mota, bai ko kalli alayyafon ba. Faɗin wurin yake aunawa da ido.

"Ikon Allah! Baba, ashe ina da fili haka a nan? Na ɗauka juji ne."

"Juji ne da, ranka ya daɗe. Ni na gyara."

"Ka kyauta, wallahi ka kyauta. Ai motoci da yawa za su shiga nan."

Ka ji fa! Mutum ya kwashe maka ƙazantar da kai kanka kake gudu, godiyar da za ka yi masa ke nan.

Kawu ya nufi shagon Auta, ya same ta tana goge kofuna. "Auta, ki yi masa magana. Saboda baƙinki zai yi, in kika ce ba kya so zai fasa."

Ta ƙi haɗa ido da shi. "Kawu, ni ma ban ji daɗi ba. Amma masu saye na ƙorafin wurin ajiye mota, wasu har sun daina zuwa."

"To ganyen fa? Me za ki markaɗa musu?"

"Akwai garinsa a gwangwani, ana kawowa. Ya ma fi kore."

"Gwaggonki fa?"

Auta ta kunna injin markaɗe, ƙararsa ta cika shagon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ranar share lambun ta zo, ba wanda ya san inda tiyon ya haɗu da tanki sai Kawu, don haka shi aka kira ya cire. Ya durƙusa, ya sa sifana, ya kashe ruwan lambunsa da hannunsa. Tela ya fito ya tsaya, mai aski ya fito da almakashi a hannu, suna kallo. Kawu ya tsinki abin da buhu zai ɗauka, leburori suka bi sauran da shebur, aka malala siminti. Har fenti aka shafa wa bangon, kore shar, da zanen ganye.

Ganyen buhu ya ƙare a 'yan kwanaki. Aka koma na kasuwa, ran da aka samu. Kawu ya lura Gwaggo ta rage faɗa, kuma rannan da ta miƙe daga kujera sai da ta ɗan tsaya kafin ta taka.

Da yammacin ranar sai ga sallama. Auta ce a bakin ƙofa, ta yi zuru-zuru, ta rungumo ƙatuwar gora cike da koren ruwa, irin na gwangwanin.

"Kawu, na kawo wa Gwaggo ne. Kullum zan riƙa kawowa."

Kawu ya dubi gorar, ya waiwaya ya dubi matarsa a zaune. Yarinya na tsaye, gora na naso a hannunta.

To kai da ka zauna ka ji, da kai ne a bakin ƙofar nan, karɓa za ka yi?